Abin da Ido Ya Gani Shi Zuciya Ke Ƙirgawa: Darasi Daga Hawashar Jazira

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako. Mun sa shi a takarda ne saboda wanda yake daji da dabbobi lokacin da aka watsa, ko wanda motarsa ke kan hanyar Gallabat bai kama tashar ba. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Tambayar da muka ɗauko ita ce: me ya sa mutum mai hankali, wanda ba a cutarsa a lissafin kasuwa, zai sayar da dawarsa tun tana tsaye a gona da kuɗi kaɗan? Me ya sa makiyayin da ya fi kowa sanin saniya zai riƙe ta har ta rame, sannan ya sayar da ita kuɗin fata? Me ya sa kuɗin da ke cikin waya ya fi na aljihu saurin ƙarewa?

Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan sawu. Amsar da suka samo, in an taƙaita ta, Bahaushe ya riga ya faɗe ta: gani ya kori ji. Zuciya tana ba abu nauyi idan yana kusa, ido na ganinsa, kuma ta ɗauka nata ne. Abin da ke nesa ko yake ɓoye cikin littafin wani, ko da ya fi girma, ba ta cika jin nauyinsa ba. To duk wanda ya tsara aiki, ko bashi, ko manhajar waya, da wannan hali yake aiki, ko ya sani ko bai sani ba. Bari mu fara daga gida.

Yadda Jazira ta zama gonar auduga

Kai da ke saurarenmu daga Maraɗi ko Sakkwato, ƙila ba ka san wurin ba. Jazira ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin koguna biyu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Kartum. Mutanenmu sun daɗe suna ratsa ta a ƙafa kan hanyar Makka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin har yau sunansa yake ɗauke da shi, Mai Wurno.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka ja ruwa ta manyan hanyoyin ruwa da ake kira tur'a zuwa gonaki. Da aka ƙara yankin Managil daga baya, faɗin aikin ya haura fadan miliyan 2. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, wato bai kai rabin hekta ba. Aka yanka ƙasar gona-gona, kowace ana ce mata hawasha, aka ba manoma. Hausawa, Fulani, Barebari da mutanen Darfur su suka ɗauki babban kaso na aikin ƙarfi, musamman tsinkar auduga. Wasu sun samu hawasha, da yawa kuma sun zauna a ƙauyukan ma'aikata da ake kira kambo.

An kafa aikin ne kan tarayya ta mutum uku: gwamnati mai ruwa da ƙasa, kamfanin Turawa mai kula da gudanarwa, da manomi mai ƙwadago. Kashi 40 cikin ɗari na ribar auduga shi ne rabon manoma, sauran gwamnati da kamfani su raba. A 1950 kamfanin ya tafi, hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat kusa da Madani ta gaje shi, amma tsarin rabon ya ci gaba.

Lissafin gamayya: guminka yana littafin wani

Ga inda darasin yake. Auduga ba ta manomi kaɗai ba ce. In ya tsinka, hukuma za ta karɓa, ta gurza, ta sayar a ƙasashen waje. Kuɗaɗe da yawa da aka kashe kanta ana tara su cikin lissafi guda na kowa da kowa, a cire daga kuɗin audugar gaba ɗaya, sannan a raba abin da ya saura. Shi ne lissafin gamayya. Kuma kuɗin ba ya zuwa lokaci ɗaya. Kashi-kashi yake zuwa, na ƙarshe sai an yi watanni da yawa bayan an kwashe audugar.

Dawa fa? Dawar da manomi ya shuka a gefen hawasharsa tasa ce ɗungurungum. Yana ganin zangarniyarta, yana auna ta da hannunsa, ya kai gida. Da aka faɗaɗa noman gyaɗa da alkama a shekarun 1960 da 1970, su ma ba a shigar da su rabon ba.

To ɗan'uwa, sa kanka a matsayinsa. Ruwa ya zo Abu Ishirin, wato ƙaramar hanyar ruwan da ke bi ta gefen gonaki, kuma ba zai ishi ko'ina ba. Ina za ka fara juya shi? Yaranka biyu ne masu ƙarfin noma. Ina za ka tura su da sassafe? Mutane da yawa sun zaɓi dawa da gyaɗa, auduga ta samu abin da ya rage. A ƙarshen shekarun 1970 amfanin auduga ya faɗi ƙwarai. Akwai wasu dalilai, kamar ƙwari da lalacewar injuna da toshewar hanyoyin ruwa, amma masu nazarin aikin sun sa tsarin rabon cikin manyan dalilai.

Kada a ce manomin ya yi wauta. Rabin abin lissafi ne mai kyau, domin a tsarin gamayya mai ƙwazo yana ɗaukar nauyin rago. Sauran rabin kuwa halin zuciya ne: ladan da ke nesa, wanda ba ka ga yadda aka lissafa shi ba, ba ya tayar da mutum da asuba. Mufattishai sun yi faɗa, an yi tara, an yi gargaɗi, abin bai sauya ba. Sai a 1981 aka soke lissafin gamayya aka kawo lissafin kowa da nasa. Manomi ya biya kuɗin ƙasa da ruwa, a sanar da farashin auduga, abin da ya saura bayan an cire bashinsa nasa ne. A shekarun farko bayan haka amfanin auduga ya farfaɗo, ko da yake gyaran injuna da hanyoyin ruwa ma ya taimaka. Mutanen su ne dai na jiya, ba a sauya su ba. Abin da idonsu ke gani aka sauya.

Su ma 'yan kambo haka ne. Mai tsinkar auduga ana biyansa ne bisa yawan guffa, wato kwandon da ya cika, shi ya sa hannunsa ba ya tsayawa. Kuma da yawa daga cikin mutanenmu sun fi son noman raba-amfani da mai hawasha, musamman a gyaɗa, domin ranar girbi kana tsaye za a raba tulin, ka ga naka. Kai mai ɗaukar yaron kiwo ko yaron shago, ka riƙe wannan. Tsohuwar al'adar ba makiyayi maraƙi daga cikin abin da garke ya haifa tana aiki ne domin yaron kullum yana ganin rabonsa na tafiya cikin shanun.

Shel: ƙwai a baka

Yanzu mu juya abin ta ɗaya fuskar. A Jazira da Gadarif da ƙauyukan Shuɗin Nilu kowa ya san shel. A ƙasar Hausa wasu na ce wa irinsa falle. Tsakiyar damina, wajen watan Agusta, rumbu ya ƙare, ga kuɗin shema, ga yaro ba lafiya. Sai ka je wurin mai shago ko attajirin gari ya ba ka kuɗi ko kaya yau, ka biya da buhunan dawa ko riɗi ranar girbi, a farashin da aka yanke tun yanzu, wanda yawanci yana ƙasa sosai da na kasuwa.

Mu yi misali da lamba mai sauƙi. A ce an yanke maka buhu a kan 10, ka karɓi kuɗin buhu biyar, wato 50. Ranar girbi buhu yana 15 a kasuwa. Ka miƙa kayan 75 kenan a kan 50 da ka karɓa wata huɗu da suka wuce. In da za a ce maka tun farko, "Zan ba ka 50 ka biya 75," da ƙila ka tsaya ka yi tunani. Amma ba haka ake faɗa ba. Ana cewa buhu biyar ne, kuma buhunan ba su ma wanzu ba tukuna, ganye ne kore a gona. Kuɗin yana tafin hannunka, asarar kuwa tana can watan Disamba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ji masu iya magana, kuma zuciya ta yarda da haka ko da kazar ta kusa fara ƙwai.

Akwai kuma abin da matsi ke yi wa tunani. A 2013 wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Sun ba su tambayoyin auna kaifin tunani sau biyu: kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi lokacin da kuɗi ya shigo. Mutanen nan dai, amma sun fi yin ƙoƙari bayan girbi. Bayanin masanan shi ne, damuwar rashi tana cinye wani ɓangare na hankali, kamar mai ɗauke da kaya a ka yana ƙoƙarin yin lissafi. Ka ga kenan lokacin da ake ƙulla shel shi ne daidai lokacin da kanka ya fi cika.

Ba muna zagin mai shago ba ne. Shi ma yana ɗaukar kasada, in damina ta ƙi kuɗinsa ya maƙale, kuma sau da yawa shi kaɗai ne ƙofar da ke buɗe da dare. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da muke cewa, ka san lokacin da aka fi samun galaba a kanka.

Garke: zafin rabuwa

Malam makiyayi, yanzu kanka muka zo. A 1979 masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar mutum. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun kimanta shi kusan ninki biyu. An kuma yi wani gwaji a jami'ar Cornell ta Amurka: aka raba wa rabin ɗalibai kofuna kyauta, sauran ba a ba su ba. Da aka buɗe ciniki, masu kofi suka nemi kusan ninki biyu na abin da marasa kofi suka yarda su biya. Kofin da ya yi 'yan mintoci a hannunsu kenan. To ina ga saniyar da ka san uwarta da kakarta, kana kiranta da suna tana amsawa?

Riƙe dabba yana da hujja mai ƙarfi, kada wani ɗan birni ya ce maka ba haka ba. Saniya tana haihuwa, tana ba da nono, kuɗin takarda kuwa hauhawar farashi na cinye shi. Wanda ya fita daga fari da mata goma ya fi wanda ya fita da biyu saurin farfaɗowa. Amma akwai inda zuciya ke ruɗar lissafi. Sayarwa asara ce da ake gani: dillali ya ja igiya, gurbin dabbar ya zama fili a garke, mutane sun gani. Ramewa kuwa asara ce da ba ta da rana. Kullum kaɗan-kaɗan, babu ranar da za ka ce yau na yi hasara. Dattawan da suka ga farin 1984 zuwa 1985, daga Kurdufan har Damargu, za su gaya maka yadda aka yi: kowa ya jira, kowa ya kawo dabbobinsa kasuwa lokaci ɗaya sun zama ƙashi, farashinsu ya faɗi, na hatsi ya hau.

Rigakafi ma haka yake. In ka yi wa garke allura cutar ba ta zo ba, ba ka ga komai ba sai kuɗin da ka biya. In dabba ta kwanta aka yi mata allura ta tashi, kowa ya ga aikin magani. Shi ya sa mai sayar da maganin warkarwa ya fi mai rigakafi kasuwa. Amma ka tuna bushiya, cutar da ta share garkunan kakanninmu. Rigakafi ne ya kawar da ita, har aka sanar a 2011 cewa babu ita a duniya. A lokacin yaƙi da ita ana yi wa dabbar da aka yi wa allura alama a kunne. Amfanin alamar na farko shi ne ma'aikata su san wadda aka yi wa, amma ta kuma mayar da abin da ba a gani ya zama abin da kowa zai duba ya gani.

Waya da ƙullin leda

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, takardar kuɗi ta yi wuya a wurare da yawa, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, musamman ta Bankak, manhajar Bankin Kartum. Da aka fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a wasu jihohi a Disambar 2024, sai da mutum ya zuba tsofaffin a asusun banki, wannan ya ƙara tura mutane cikin waya. Abin ya ceci rayuka. Ɗanka da ke Saudiyya zai turo maka cikin minti ɗaya, kuma ɗan fashi a hanya ba ya samun damin kuɗi a ƙugunka.

Sai dai akwai abin lura. In za ka biya da takarda, sai ka kwance lalita, ka ƙirga, ka ga damin ya ragu. Wannan ɗan zafin shi ne birki. A waya kuwa, biyan kuɗin shayi da biyan kuɗin raƙumi duk dannawa ɗaya ce. Wasu masana biyu a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada haka a wani bincike da aka buga a 2001. Sun yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando, aka ce wa wasu da tsabar kuɗi za su biya, wasu da katin banki. Masu kati sun taya kusan ninki biyu.

Masu tsara manhajoji da kamfanonin sadarwa a ko'ina sun san wannan. Duba wayarka da kyau. Sayen data dannawa ɗaya ce, amma dakatar da sabuntawa ta kai-tsaye sai ka bi matakai. In katinka ya ƙare ana yi maka tayin rance nan take, ladan da za a cire kuwa sai ka sa sabon kati za ka gan shi. Wannan ai shel ne cikin sabuwar riga. Jan ɗigon da ke fitowa kan Facebook an zaɓi launinsa ne don ido ya kasa wuce shi, kuma bidiyon TikTok ba shi da ƙarshe, domin in akwai ƙarshe za ka tuna shanu sun doshi gonar mutane.

Macuta ma da ido suke aiki. 'Yan kasuwa da yawa sun ba da labarin wanda ya nuna musu hoton shaidar tura kuɗi a fuskar wayarsa, ga suna ga lamba, suka saki kaya, ashe hoton na jabu ne. Ido ya ga shaida, zuciya ta ƙirga kuɗin da bai shigo ba. Dokar ita ce: abin da ke wayar mai saye ba shaida ba ne, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin ya ƙaru.

Haka ƙullin leda. A Sudan ana ce wa sayen kaɗan-kaɗan "gadar zurufak", wato daidai halinka: sukari na shayi ɗaya, mai na miya ɗaya, sabulu yanki. Yana rufa asiri ranar da babu. Amma in ka tara kuɗin ƙulli talatin ka gwada da na sayen sari, za ka ga abin da ake ɗauka a hankali. Kai da kake sayarwa ka san wannan sarai. Abin mamaki, in ka koma gida kai ma haka kake saye.

Lamba tana ruɗi

Ga wani abu da ɗan kasuwar iyaka ya kamata ya kiyaye. A 2007 Sudan ta bar dinari ta koma sabon fam, wanda ɗaya yake daidai da tsohon fam dubu. Har yau mutane na cewa "miliyan" suna nufin fam dubu. A Nijar kuma ana ƙirga sefa da dala, sefa biyar dala ɗaya, sefa dubu jika ɗaya. Baki ya saba da tsohuwar lamba, ba ya son saki. To in fam na faɗuwa, za ka sayar da rago a lambar da ba ka taɓa ji ba, ka yi murna, alhali buhunan dawar da kuɗin zai saya sun ragu a kan na bara. Ido ya ga lamba ta hau. Maganinsa shi ne ka daina auna dabba da fam ko naira ko bir na Habasha. Auna ta da buhu: ragon nan buhu nawa ne yau, buhu nawa ne bara warhaka?

Masu amfani da halin nan don gyara

Halin da ake kama mu da shi, ana iya taimakonmu da shi. A gundumar Busiya ta yammacin Kenya, manoma kan ce za su sa taki, amma in lokacin shuka ya zo kuɗin girbi ya riga ya watse. Masana uku, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson, suka gwada wata dabara: a je wa manomi daidai bayan girbi, kuɗi na hannunsa, ya biya takin a cikakken farashi, a kawo masa har gida kyauta. Wannan kawai ya ƙara yawan masu sa taki kwatankwacin yadda rage rabin farashi ya yi a lokacin da ake bukatar takin. Lokacin tambaya aka sauya, shi kenan.

A Nijar kuma, tun wajen 1999 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen yaɗa tsarin da ake kira warantaj. Ƙungiyar manoma za ta zuba gero ko wake a sito bayan girbi, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun ba da rance. A ba manoma bashi bisa darajar hatsin, su yi sana'ar rani, su biya, a buɗe sito lokacin da hatsi ya yi tsada. Ba kowace shekara ake cin riba ba, domin wani lokaci farashi ba ya hawa. Amma kwaɗo na biyun nan yana tsare hatsi daga mai shi kansa, da daga ɗan'uwan da zai zo da dare yana roƙo.

In ka duba, iyayenmu mata sun riga masana. Asusun ƙasa da ba a buɗe shi sai an fasa, da adashi wanda a Sudan ake ce wa sanduk, duk dabara ɗaya ce. Hajiya ta san hannunta, shi ya sa take ɗaure shi tun da wuri, ta sa kunyar 'yan'uwa ta zama mai gadi.

Abin da za ka tafi da shi

Na farko, manyan shawarwari ka yanke su ranar da cikinka ya ƙoshi. Ranar da ka sayar da riɗi ko bijimi, kafin ka bar kasuwa, ka sayi iri da taki da dusa da maganin rigakafi, ka ware hatsin watan Agusta ka ba wanda ka amince da shi ya riƙe.

Na biyu, tun ciyawa na kore ka zauna da ɗanka ko ƙaninka ku nuna dabbobin da za a fitar in ruwa ya ɗauke da wuri: tsofaffi, da mazan da ba na barbara ba. Ku sa lokaci, ku faɗa da baki a gaban shaida, don ranar da zuciya za ta ce a ƙara mako ɗaya a samu mai tuna maka.

Na uku, in dole ta sa za ka ci shel ko rancen waya, ka ce a faɗa maka da kuɗi: nawa na karɓa, nawa zan mayar in an kimanta da farashin girbin bara? Ka ji lambar da kunnenka kafin ka ce na yarda.

Na huɗu, kuɗin waya ka ba shi jiki. Duk abin da ya fita ka rubuta a littafi, in ba ka rubutu ka jefa tsakuwa a gwangwani, da dare ka ƙirga. Uwar kuɗi da kuɗin cefane kada su kwana asusu ɗaya.

Na biyar, kai mai yara a ƙarƙashinka, kada ka maimaita kuskuren lissafin gamayya. Yaron da bai san yadda ake lissafa rabonsa ba, ko sai bayan shekara yake ganinsa, faɗa ba zai sa ya yi ƙwazo ba. Nuna masa nasa, ka biya shi kan lokaci.

Jama'a, nan za mu dakata. Wanda ya taɓa gwada ɗaya daga cikin dabarun nan, ko yake da tasa da ta fi su, ya aiko mana ta hannun wakilinmu na kasuwar da ke kusa da shi, za mu karanta a shiri na gaba. Gaisuwa ga mutanen Mai Wurno da Sinja da Damazin, da 'yan kambo na Managil, da fataken Kurmuk da Gallabat. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya ba da damina mai albarka, ya tsare garke da dukiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.